Haɗa kan jirgin lantarki daga kit: rufi za a fara ko ƙafafu?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Na samu kit, wato sassan ƙaramin samfuri da mutum ke haɗawa da kansa, na kan jirgin ƙasan lantarkin nan na Suwizalan da ake wa laƙabi da Kada, wato Ce 6/8 II, a sikelin HO, inda ake rage girman na gaske sau 87. A cikin kwalin akwai falle-fallen tagulla da aka zana sassan a jikinsu, da 'yar jaka cike da ƙananan sassa na farin ƙarfe, sai ƙafafu, da moto biyu, da takardar bayani wadda zane ya fi rubutu yawa a cikinta. Ni jiragen roba kawai na saba haɗawa da gam. Niyyata in fara da bodi da rufi, tunda su suka ja ni ga jirgin, in bar ƙafafun sai hannuna ya faɗa. Akwai matsala a haka?

Baba Makeri:
Wa alaikumus salam. Akwai matsala, ɗana, babba ma kuwa. Mayar da rufin nan cikin kwali ka rufe tukuna.

Duba abin da ka ɗauko. Kada aksul 8 gare shi, wato sandunan da ƙafafu ke juyawa a kansu, 6 daga ciki ne ke ja, abin da 6/8 ɗin ke nufi ke nan. Jikinsa kashi uku ne: dogon hanci a gaba, wani a baya, sai ɗakin tsakiya da ke rataye a kansu, domin ya iya lanƙwasa a kwane-kwanen layin dogon Gotthard mai ratsa duwatsu. Kowane hanci na da aksul uku na ja, kuma sanduna ne suka haɗa ƙafafun, irin na jirgi mai tururi. To a sandunan nan wahalar take. Idan ka ƙare bodi ya yi kyau, sannan ka gano ƙafafun suna cijewa, za ka yi ta cirewa da mayarwa har ka karya duk abin da ka liƙa a sama. Shasi farko, wato firam ɗin ƙasa da ke riƙe ƙafafu da moto. Ya yi tafiya sumul ba moto, ya yi tafiya sumul da moto, sannan a yi maganar ado.

Mai Kallo:
Ni dai tambayata ɗaya. Kamfanin Märklin tun 1933 suke ƙera ƙaramin Kada haɗaɗɗe, na HO ɗinsu ya fito 1947, har yau kuma ba su daina ba. Ka buɗe kwali, ka aza a dogo, ya tafi. Me ya kai mutum ƙona yatsu?

Baba Makeri:
Kai ka ci gaba da kallonka, ai sunanka ke nan.

Mai Kallo:
Allah ya huci zuciyar Baba. Na yi shiru, amma ina nan.

Sabon Shiga:
Na ji, Baba, Allah ya ƙara girma. To ta ina ake kama shasin? Takardar ta nuna a lanƙwasa gefe biyu a saka bush, 'yan zobban da aksul ke juyawa a ciki, shi ke nan abin da ta ce.

Baba Makeri:
Haka takardun nan suke, wanda ya zana su ya ɗauka kowa ya iya.

Kar ka fizge sashe daga falle da hannu. Aza shi a kan abu mai tauri ka yanke 'yan haɗin da wuƙa mai kaifi, sannan ka bi gefen da ƙaramin magagari. Duk sashen da aka ci da asid yana da ɗan tudu siriri a bakinsa, in ba ka goge shi ba, sassa biyu ba za su zauna daidai ba. Layin da aka ci rabi domin lanƙwasawa kuma, ciki yake komawa, sai fa inda za a ninke sashen gaba ɗaya ya kwanta a kan kansa, nan ne yake komawa waje. Lanƙwasa sau ɗaya ake yi. Tagulla ba ta son a kai ta a dawo da ita, tsagewa take yi a kan layin.

Abin da takardar ba ta faɗa maka ba shi ne wannan: sandunan haɗa ƙafafu ake fara gyarawa, kafin bush. Tazarar ramukan sanda ita ce za ta yanke tazarar aksul, ba akasin haka ba. Ka zura dogayen sanduna madaidaita ta cikin bush ɗin, ka saƙala sandunan haɗin a bakinsu gefe da gefe, sai ka kama bush ɗin da dalma a inda suka zauna da kansu. Bayan nan ka aza shasin a kan gilashi, ka ga ko duk ƙafafun sun taɓa ƙasa.

Sai saitin ƙafafu. Ƙusar da ke riƙe sanda a jikin ƙafa ta gefe ɗaya tana gaban ta ɗaya gefen da digiri 90. Ko ka kuskure ya zama 88 jirgin zai tafi, muddin duk aksul ɗin 88 ne. Abin da ba ya yafuwa shi ne wannan 90, wancan 87. Kuma kar ka manta Kada na da ƙarin aksul marar ƙafa wanda moto ke juyawa, shi ke miƙa ƙarfi ga sanduna. Shi ma sahun ɗaya zai bi da sauran.

Tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa a HO wajen milimita 14.4 zuwa 14.5 ce, a dogo mai faɗin 16.5. Nemi ma'auninta, kar ka yi da ido.

Hajiya Mai Fenti:
Sannunku da aiki. Baba ya yi gaskiya a kan shasi, ba na ja da shi. Amma "mayar da rufi cikin kwali ka rufe" ɗin nan ban yarda da shi duka ba. Jirgin gaske daga ƙasa ake kallonsa, mutum na tsaye a tasha. Namu kuwa a kan tebur yake, mu muna sama. Abin da ido ke fara sauka a kai rufi ne, kuma a jirgin lantarki rufi ne wurin da kayan suke: fantogiraf, wato hannun da ke shafar wayar sama, insuleta masu hana wuta shiga jikin jirgi, wayoyin da ke ɗauko wutar bolt 15,000 zuwa taransifoma. Na sha ganin jirgin da ke tafiya kamar ruwa, amma an jera masa insuleta a karkace, an shafe rufin duka da launi ɗaya. Ba ya kama ido.

Shawarata, ƙanena, kar ka liƙa komai a rufin yanzu, amma ka yi nazarinsa yanzu. Akwai ramukan da sai fallen yana kwance za su hudu da kyau. Da zarar ka lanƙwasa rufin ka kama shi da bango, bakin mahuji zai riƙa zamewa. Haka ramukan maƙallan hannu da na share gilashi. Huda su duka tun yanzu, ka ajiye.

Baba Makeri:
Wannan kam haka ne, Hajiya. Na karɓa.

Injiniya:
Bari in sa baki kafin a rufe shasin, domin tagulla ba roba ba ce. Duk jikin jirginka waya ce, ƙanena. Duk inda ƙafa ta goga bodi a kwana, ko takalmin birki ya taɓa taya, wuta ta haɗe. Ka duba ƙafafun da aka ba ka da mitar auna wuta: wasu gefe ɗaya kawai aka raba su da aksul, wasu gefe biyu. Idan na gefe ɗaya ne, dole duk rababbun su kalli gefe guda, a hancin gaba da na baya. Ka tuna hancin baya juyayye ne, nan mutane ke ruɗewa.

Wayoyin ɗaukar wuta daga ƙafa, ka sa su a duk ƙafafun ja, su taɓa da sauƙi. In sun danna da ƙarfi sun zama birki.

Idan DCC za ka yi, wato tsarin da ake aika wa kowane jirgi umarni ta dogo da lambarsa, moton biyu su rabu da shasi kwata-kwata, a gwada da mita kafin dikoda, 'yar na'urar da ke karɓar umarnin, ta shiga. Wayoyin dikodar: ja da baƙi zuwa dogo, ruwan lemo da ruwan toka zuwa moto, shuɗi shi ne na gamayyar fitilu, fari fitilar gaba, rawaya ta baya. Kowace fitilar LED da razistarta mai rage mata wuta, wajen om 1,000 ya isa a fara da shi. Moto biyu a dikoda ɗaya ba laifi, amma ka auna wutar da suke ja tare idan an danne su, ka tabbatar dikodar za ta ɗauka. Fitilun Suwizalan kuma tsarinsu daban ne: fari uku a gaba, idan yana jan taragu kuma fari ɗaya a baya, ƙasa ta dama.

Sabon Shiga:
Na gode, Yaya Injiniya. Wata tambaya: tunda jirgin lantarki ne, ba zai yiwu ya sha wutarsa ta fantogiraf daga wayar sama ba, yadda na gaske ke yi? Wannan ne burina tun farko.

Injiniya:
Zai yiwu, amma ba na ba ka shawara. A da akwai dalili. Lokacin da ake kan wutar DC mai bolt 12, kafin DCC, wayar sama hanya ce ta tafiyar da jirgi biyu a dogo ɗaya kowanne da nasa makunni: ɗaya na sha daga dogo, ɗaya daga sama, suna tarayya a layi guda na komawar wuta. Sharaɗin shi ne kar ka ɗaga jirgin ka juya shi, in ka juya lissafin ya rushe. DCC ta kashe wannan dalilin, tunda kowane jirgi da lambarsa. Abin da ya rage kawai shi ne ka bar ƙafafu 12 masu ɗaukar wuta ka dogara da wuri ɗaya ko biyu da ke rawa a jikin waya. Kowane ɗan tsalle, saƙo ya yanke.

Baba Makeri:
A nan muka rabu, Injiniya. Jirgin lantarkin da ke shan wuta ta ƙafa, hannunsa na sama yana ɗaga wa iska, wannan ai wasan kwaikwayo ne. Nawa ta sama suke sha, kuma in ka kashe fitilar ɗaki za ka ga ɗan tartsatsi a inda waya ta haɗu da waya. Wanda ya taɓa ganin wannan ba zai koma ba.

Injiniya:
Tartsatsin da ke burge Baba shi ne abin da ke cinye bakin fantogiraf ɗin, ya bar baƙin datti a waya. Sannan a yi lissafi. Wayar gaske kaurinta wajen milimita 12 ne. Raba da 87, ka samu 0.14, kusan silin gashi. Wadda za ta jure turin sifirin ba ta lanƙwashe ba sai ta kai 0.5 ko fiye, ninki uku zuwa huɗu ke nan. Wato domin a ce "kamar gaske" ta fuskar wuta, an ɓata "kamar gaske" ta fuskar ido.

Baba Makeri:
Sai a ja wayar ta yi tsauri, yadda na gaske ke yi da nauyi a ƙarshen layi. Siririya ma za ta tsaya. Kuma sifirin ɗin da ke zuwa da yawancin fantogiraf ya yi ƙarfi, ni rage shi nake yi, in cire ɗaya in bar ɗaya.

Injiniya:
A ja ta yi tsauri, sai turakun su fara sunkuyawa a kwana, sai a koma ƙarfafa turaku. Aiki ya haifi aiki. Baba ya shekara yana wannan, hannunsa ya san awon. Yaron nan ko shasi bai gama ba.

Hajiya Mai Fenti:
Ku tsaya in raba ku. Akwai hanya ta uku, ita nake bi. A ɗaure fantogiraf da siririn zaren kamun kifi marar launi, ya tsaya milimita ɗaya ko biyu ƙasa da waya. Daga inda mutum ke tsaye ba ya ganin tazarar. Waya ta zama siririya yadda ake so, ba abin da ke tura ta, ba abin da ke sarƙewa. Wayar gaske tana kusan mita 5.5 sama da dogo, a HO wajen milimita 63 ke nan, sai mutum ya zaɓi tsayi ɗaya ya tsaya a kai ko'ina.

Ga wani abin da ya fi wannan gardamar muhimmanci ga mai Kada. Faɗin kan fantogiraf ba ɗaya ba ne a ko'ina. Na Jamus da Ostiriya milimita 1,950 ne, na Suwizalan 1,450, saboda ramukan dutsensu matsattsu ne. A HO bambancin ya kai tsakanin 22 da kusan 17. Idan za ka sayi na waje, irin na kamfanin Sommerfeldt misali, maimakon ka haɗa na cikin kit, ka tabbatar siririn ka ɗauka, kuma mai siffar lu'ulu'u, ba mai hannu ɗaya na zamani ba. Faffaɗan kai a kan Kada, wanda ya sani daga nesa zai gane.

Baba Makeri:
Zaren kifi. Allah ya kyauta. To ɗana, ka dai raba fantogiraf ɗin da rufin da insuleta na roba, ka bar wa kanka ƙofa. Wata rana za ka zo wajena.

Mai Kallo:
Guda nawa ake ɗagawa ma? Na ga hotuna wani biyu a sama, wani ɗaya.

Injiniya:
Tsofaffin jirage irin Kada biyu suke ɗagawa a zamaninsu na farko, domin kowanne bakin shafa ɗaya gare shi, ɗaya kaɗai ba ya riƙe wuta ba yankewa. Da aka koma baki biyu a kai guda, ɗaya ya wadatar, kuma yawanci na baya ake ɗagawa, don in ya karye tarkacensa kar ya faɗa wa ɗayan.

Sabon Shiga:
Na dawo da rahoto. Hanci ɗaya yana gangarawa da kansa in na karkata gilashin. Ɗayan kuwa yana tafiya sai ya cije a wuri guda, duk zagaye a daidai wurin. Na ɗiga mai, bai canza ba. In faɗaɗa ramukan sandan?

Baba Makeri:
Mai ba ya maganin wannan, goge shi. Kuma kar ka taɓa ramukan tukuna, ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa.

Cijewa a wuri ɗaya duk zagaye abu uku ne. Ko saitin digiri na aksul ɗaya ya bambanta, ko tazarar ramin sanda ba ta yi daidai da ta aksul ba, ko wani abu na taɓa wani: kan ƙusa na bugun bayan sanda, ko sanda na gogar takalmin birki. Fara da na ukun, shi ya fi sauƙi, sa ido a daidai inda ya tsaya. In ba shi ba ne, cire sandunan duka, ka juya kowane aksul shi kaɗai. Sannan ka haɗa aksul biyu kawai ka gwada, ka ƙara na uku, ka ƙara marar ƙafan a ƙarshe. Wanda shigarsa ta kawo cijewar, shi ne mai laifi. A inda ya cije, taɓa kowace sanda da hantsaki: wadda ta ƙi motsi ita ke ɗaure. Sai a lokacin za ka zura abin faɗaɗa rami ka juya sau ɗaya, ka gwada, ka sake in da buƙata.

Sabon Shiga:
Aksul marar ƙafan ne, Baba! Da na cire shi komai ya saki. Na ɗan murɗa shi ya dawo sahu, yanzu duka biyun suna gangarawa. Moto ma ya shiga, yana rarrafe a hankali ba tsayawa. Saura farin ƙarfen nan, ina tsoron kai masa zafi.

Baba Makeri:
Madalla. Tsoron nan naka daidai ne, farin ƙarfe narkewa yake yi ya zama ɗigo kafin ka ƙifta ido. Dalma kala-kala ce, kuma daga mai zafi ake saukowa. Manyan haɗin tagulla da mai narkewa a digiri 188, ƙananan kayan ado da mai 145, don kar na farko ya saki. Farin ƙarfe kuma da mai 70. Amma mai 70 ba ta kama tagulla tsirara da kyau, sai ka fara shafa wa wurin mai 145 siriri, sannan ka kawo sashen. Daɗinta, in ya zauna a karkace, tsoma shi a tafasasshen ruwa ya saki. Duk ranar da ka yi aiki ka wanke ruwan da ake shafawa don dalma ta kama da sabulu da tsohon buroshi, in ya kwana zai bar kore a jiki. Ka buɗe taga, ka wanke hannu.

Hajiya Mai Fenti:
Ƙananan sassan ai ba dole sai dalma ba, Baba. Gam mai haɗi biyu yana riƙe akwatin yashi da fitila lafiya lau. Inda zan hana ka sufagulu shi ne gilashin taga, hucinsa yana barin farin hazo da ba ya fita. Gilashi sai bayan fenti, da farin gam mai bushewa garau.

Yanzu ka zaɓi shekara kafin ka zaɓi launi. Na gasken guda 33 aka ƙera tsakanin 1919 da 1922, kamfanin SLM ya yi ƙarfen, kamfanin Oerlikon ya yi lantarkin, kuma da ruwan ƙasa suka fito. Koren daga baya ya zo. A shekarun 1940 an sake wa 13 daga ciki moto, gudunsu ya tashi daga kilomita 65 zuwa 75 a awa, suka koma Be 6/8 II da sabbin lambobi. Don haka launi, lamba, da kayan rufi duk tafiyarsu ɗaya. Nemi hoton jirgi guda a shekara guda ka bi shi. Mai lamba 14253 da aka adana yana nan da ruwan ƙasa, hotunansa sun yi yawa, amma ka tuna jirgin da ake lallaɓawa ne, ya fi na aiki tsabta nesa ba kusa ba.

Tagulla sai an yi mata fentin shimfiɗa mai cin ƙarfe, feshi siriri, bayan an wanke ta ba a sake taɓa ta da yatsa ba. Lambobi a kan fenti mai sheƙi ake manna su, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa su yi fari-fari, sannan a rufe da banish marar sheƙi. Insuleta da wayoyin rufi a fente su daban a kan tsinke, a dasa daga ƙarshe. Maƙallan hannu kuma ka yar da masu kauri, ka lanƙwasa naka da waya 0.4, wadda a gaske ta kama wajen milimita 35.

Wajen dattin aiki ne mutane ke kwafsawa. Ba jirgin kwal ba ne, kar ka zuba masa baƙi ko'ina. Dattinsa wuri biyu ne: rufi a ƙarƙashin fantogiraf, inda ƙurar gogar waya ke zuba, sai ƙasa, inda ƙurar birki ke barin ja-ja, sanduna kuma su yi duhun mai da ɗan sheƙi. Bangon tsakiya a bar shi kusan yadda yake.

Sabon Shiga:
Ruwan ƙasa zan yi, Hajiya, fantogiraf biyu a sama. Abu ɗaya ya rage: ƙananan ƙafafun gaba suna sauka daga dogo a kwanata mai milimita 360 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, kuma hancin ba shi da nauyi. Ina da ƙananan ƙwallayen dalma, in zuba su da farin gam?

Injiniya:
A'a, ban da farin gam. Shi da dalma suna cin juna a hankali, abin ya kumbura, bayan shekaru ya fasa bodin daga ciki. Sa gam mai haɗi biyu, kuma nauyin ya zauna a kan ƙafafun ja, ba can bakin hanci ba. Ƙananan ƙafafun gaba ɗan sifirin mai laushi suke so ya danna su, ko ɗan nauyi a kan firam ɗinsu.

Baba Makeri:
Kafin nan duba tazarar bayan ƙafar tasu da ma'auni, sau da yawa ita ce. Amma 360 ta yi wa wannan jirgin tsanani, an yi ta ne domin irin na Mai Kallo, masu wasa a ko'ina. In kana da fili ka buɗe ta zuwa 600. In babu, sai ka rage bayan matakalar direba da magagari har ƙafar ta samu wurin juyawa, ka cire bututun da ke gaban firam ɗin. Turo hoton ƙasan jirgin yana tsaye a cikin kwanar, in nuna maka inda za ka ci.